Shirun Sabuwar Waya

Zauna ka ji, tunda kai ma halinka ke nan, sai ka gama yi wa mutum wankin babban bargo sannan ka ce za ka lallashe shi.

An yi wani tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, shekara talatin kunnensa na manne da wayar tarho irin ta da, mai igiya, wadda 'yan boko ke kira analog. Ita wannan waya, yadda murya ta fito haka take kwasarta ta bi igiya da ita, da tsakuwa da ƙasa. In hadari ya taso ko hanya ta yi nisa, sai ka ji shuuu ya fara, murya tana dusashewa kaɗan-kaɗan, ka gane layi na shirin mutuwa, ka yi maza ka faɗi abin da ya kawo ka. Da wannan ya saba. Ga shi kuma da wani mugun hali: ba ya iya gyara sai zagi ya shige gaba, daɗin bakin yana can ƙarshe. Da ya yi ritaya 'ya'yansa suka saya masa wayar hannu, dijital, wadda ke yayyanka murya ta mai da ita lambobi, a harhaɗa a can ɗaya gefen. Tas magana ke fita, ba ƙara ba shuuu. Amma in ta tashi yankewa, ɗif take yi, ba ko sallama.

Ran nan labari ya iske shi cewa ƙanensa da ke ƙauye ya sare tsamiyar da mahaifinsu ya dasa a ƙofar gida, wai zai gina shago. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma da gaskiyarsa, ni ma da ni ne sai na yi faɗa. Ya kira shi, ko gaisuwa bai amsa ba ya hau shi ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce masa marar kunya, ya ce masa mai cin amanar kabari, ya rufe da cewa, “Kada ka ƙara tako ƙofar gidana, ba ni ba kai!” Sai ya dakata ya kasa kunne, ya ji shiru. A gidansu ƙane ba ya tanka wa yayansa in yana faɗa, don haka ya ɗauka ladabi ne, mutumin ya sunkuyar da kai yana saurare. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya sassauta murya, ya tuno masa yadda suke hawan tsamiyar suna yara, ya ce ya yafe, ya ce Sallah ta kusa, ya kwaso iyalinsa su zo. Minti goma yana zuba wa matacciyar waya zuma, ya ajiye yana jin ya yi abin kirki. Ko allon wayar bai duba ba, balle ya ce, “Kana ji na kuwa?”

Sallah ta zo, aka yi tuwo aka yi miya, ƙane bai zo ba. Tsoho ya hasala, wato ni na ƙasƙantar da kaina ya watsa mini ƙasa a ido? Ya rantse ba zai sake nemansa ba. Wannan taurin kan shi ke ƙona mini rai har yau, don kira ɗaya ya isa ya kashe wutar. Shekara biyu aka kwashe a haka, sai ga saƙon rasuwar ƙanen. Wurin zaman makoki matar mamacin ta durƙusa gabansa tana kuka ta ce, “Yaya, kowace Sallah sai ya sa kaya ya tsaya bakin titi, sannan ya dawo. Ya ce kun hana shi tako gidanku kuka kashe waya, shi kuwa bai taɓa tsallake maganarku ba.”

Tsohon ya zaro wayar ya maka ta da bango, ta tarwatse. Banza ke nan. Waya ba ta ƙara masa ko harafi ba, abin da ya fara aikawa shi ta kai. Shi ya sa Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.