Abin da Na Ɓoye a Bayan Randa

"Buɗe baki, amarya! Ko laddun gidanmu bai kai na gidanku zaƙi ba?" Surukata, Ammi, ta cusa min dunƙulen alawar na uku. Mata sun kewaye ni suna dariya, babu hanyar fita.

Na haɗiye. Mahaifiyata ta gargaɗe ni, in dangin mijina Tanveer suka san da ciwon sukari na taso, gida za su maido ni.

Suna watsewa na ruga bayan randa, inda na ɓoye kwalbar allurata ta insulin cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Na tarar da Tanveer a tsugune, riga a ɗage, allura a cikinsa, kwalba biyu a gabansa.

"Mehwish, ɗayar taki ce?" Ya nuna kwalaben. "Ammi ta ce in kin san ina da sukari, tafiya za ki yi."