Maigadin Jikin Bango

Mai fenti ya faro daga can ƙarshen bangon makaranta, wajen kwata. Kafin Ba-Ragi ta gama jera biskit da fensir a teburinta, ya shafe zanen jirgin ruwa guda da rabin raƙumin dawa.

Ɗalibai ne suka sa mata Ba-Ragi, don ko ɗan hedimasta ne ba ta sauke masa farashi. Kuma ba banza ta kafa tebur a daidai nan ba. A jikin bangon, bayan kujerarta, zanen mijinta ne tsaye cikin kakin gadi, sanda a hammata, hula a karkace, baki a ɗan buɗe kamar zai daka wa makararru tsawa. Marigayin bai bar hoto ba sai na katin aiki, wanda ya fito kamar ɓarawon da aka kama. Na bangon nan ne kaɗai ya yi kama da shi.

Ba ta ga lokacin da aka yi zanen ba. Yana raye ba ta taɓa taka makarantar ba, ita ba mai bin miji wurin aiki ba ce. Labari dai yake kawo mata: yau malamin zane ya fito da yara, kowa da gwangwanin kala, har da masu fenti a kunne. Sai bayan rasuwarsa ta fito neman na kanta, ta tarar an riga an sallami malamin. Wai daga sama aka yanke kuɗin zane da kiɗa. Ajin zane ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru. Kwalayen kalar da ta saro suka narke a rana, ba mai tayawa. Yanzu kuma an ba kamfanin sabulu hayar bangon, za a yi talla.

Ta gyara mayafi ta sami mai fentin. Ya ɗaure hanci da baki da tsumma, idonsa a kan bokiti.

"Sannu da aiki, ɗan nan. In ka iso wurin maigadin can, ka tsallake."

"Ba zai yiwu ba, Inna. Fari fat aka ce."

Ta yi murmushi. Duk ciniki da "ba zai yiwu ba" yake farawa. Ta ce abincin ranarsa a wuyanta har ya gama aikin. Ya girgiza kai. Ta ce ɗakinta ma yana son fenti, ba za ta nemi ragi ba, maganar da bakinta bai taɓa furtawa ba. Ya girgiza kai. Ta sauko: ya bar daga ƙirji zuwa sama. Ta ƙara saukowa: fuskar kawai, faɗin faranti.

"In na bar ko ɗigo, gobe wani za su kawo. Ina da iyali, Inna."

Ya ɗauki bokiti ya zagaya bayan ajujuwa ɗebo ruwa, bai tambayi kowa hanyar famfo ba.

Ta wuce ofishin hedimasta, ba ta jira an ce ta shigo ba. Ya saurare ta yana murza goshi. Ya ce rufin aji biyu na yoyo, alli ma iyaye ke saye, in ba hayar bangon nan ba da me zai gyara?

"To fito ka gaya masa ya bar mini fuskar."

"Baba, ni tun safe na kasa bi ta ƙofar nan. Ki yi haƙuri."

Haƙuri! Tun ranar da aka fita da mijinta ake ba ta shi, har ya ishe ta. Ta fito ba sallama.

Aka tashi tara. Yaran da suka saba yi mata dandazo suka tsaya cirko-cirko daga nesa suna kallon mai fenti, ba mai ihu, ba mai sayen komai. Malamai biyu suka fito, suka hango shi, suka juya ciki. Ba-Ragi ta ja tsaki. Ashe duk makarantar ba mai baki sai ita.

Fari ya yi ta matsowa. Ya cinye kifaye, ya cinye bishiya da tsuntsayenta, ya cinye wata yarinya mai tsallen igiya. Da ya iso teburin, Ba-Ragi ta miƙe ta jingina bayanta da bango, ta harɗe hannu.

Bai ce ta matsa ba. Ya ajiye abin shafe, ya zauna a bakin kwata, ya jira. Rana ta take. Can wata mota mai hoton sabulu ta tsaya, wani mai tumbi ya leƙo ta taga ya ce in ba a gama yau ba, a manta da maganar sallama. Mai fenti bai ɗago ba. Ta dubi takalminsa, duk ya ɓule, yatsa a waje.

Ta ja teburinta gefe da kanta. Ba ta yarda ya kama mata ba.

Ya canza zuwa ƙaramin buroshi. Ya fara daga takalma, ya hau kan wando, ya bi sanda a hankali kamar mai wanke jariri. Fuskar ya bari ƙarshe. Hannunsa ya daɗe a sama kafin ya sauke shi.

Shi ke nan. Bango fari, ba kowa.

"Allah ya isa," in ji Ba-Ragi. "Mai hannu ya yi abu, kai ɗan shafe ka zo ka lalata. Ko sanin wanda ka binne ba ka yi ba."

Mai fenti ya sauke tsumman daga fuskarsa, ya share idonsa da shi.

"Na san shi, Inna. Mutum ne da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Lokacin ina malamin zane a nan, da ƙyar na zana hancin nan."