Gulmar da Munachi Ya Goge

"Ka kawo min shi ɗanyensa, har da kod ɗin," in ji Mama Edith, tana kaɗe fulawa daga zanenta. "Laraba ina da taron zumuntar mata. Ka zo Lahadi bayan coci."

Munachi ya ce to.

Mama Edith ce mai gidan burodin nan na unguwar Romi a Kaduna, kuma ita ce uwar Debby, wadda Munachi yake so kamar ransa. Tun da ya nemi izinin turo iyayensa daga Kakuri, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi tunda sana'arsa rubuta manhaja ce, ya yi mata wadda masu shaguna za su riƙa turo odar burodi da ita. Ko yaro ya san jarrabawa ce.

Aikin ba wuya, Mama ce wuyar. Yau ta ce maɓallin ya zama kore, gobe ta tambayi wanda ya ce a sa kore. A gabanta Munachi ba ya wuce "To, Mama." Haushinsa a cikin kod yake juye shi, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi. Masu wannan sana'a suna da wata kafa: duk abin da aka rubuta bayan karkatattun sanduna biyu, wato //, ko tsakanin /* da */, kwamfuta tsallake shi take yi. Sharhi ake ce masa, don mai aiki ya tuna wa kansa abin da ya yi. Gogan naka kuwa ya mayar da shi dandalin gulma.

// Mama ta sake canza ra'ayi. Wutar unguwarmu ma ta fi ta tsayawa.

// Wannan ba shi da amfani, amma Janar ta ba da umarni.

// Ya Ubangiji, suruka na roƙa, ba sufeto ba.

Irin waɗannan sun fi ƙarfin gogewa ɗaya bayan ɗaya, ga su a warwatse ko'ina. Ya san Mama za ta kai wa wani ya duba mata, kuma in wannan mutumin ya karanta mata ko layi ɗaya, to shi da Debby sai a mafarki.

Ya zauna ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja mai share sharhi. Ta share kuwa, tas! Sai dai da ya gwada aikin, oda ta ƙi tafiya. Adireshin intanet ma yana da sandunan nan biyu a cikinsa, shashashar manhajar ta ɗauka sharhi ne, ta cinye rabin kowane adireshi. Ya gyara nan, can ya ɓalle. Har Juma'a yana abu ɗaya.

Dole ta sa ya nemi Tsohon Hannu. A zauren WhatsApp na masu rubuta manhaja na Kaduna, ba wanda ya taɓa ganin hoton mutumin nan ko ya ji muryarsa. An dai ce tun zamanin da kwamfuta take cika ɗaki yake koyar da ita, kafin ya yi ritaya. Ba ya amsa saƙo da sassafe, ba ya amsawa Laraba da yamma, amma in ya amsa, magana ta ƙare.

"Turo min kod ɗin yadda yake, da sharhinsa," ya rubuto. "Ta yaya zan gwada abin gogewa ba abin da za a goge?"

Munachi ya tura. Ai baƙo ne, me ruwansa da Mama?

Amsa ta ɗan jima kafin ta iso. "Manhajarka ba ta san bambancin sharhi da rubutun da ke cikin alamar zance ba. Koya mata ta riƙa lura da inda take kafin ta kai wuƙa. Ga gyaran." Sai wani saƙon ya biyo: "Wannan Janar ɗin ta ba ka wuya, ko?"

"Oga, bari kawai," in ji Munachi. "Ko a barikin soja sai an sara mata."

"Har wannan za ka goge?" Tsohon Hannu ya liƙo masa wani sharhi da shi kansa ya manta ya rubuta.

/* Duk da haka zan gama. Ko sau nawa ta canza zan sake, saboda Debby. Kuma tsakani da Allah, matar da ta riƙe gida da gidan burodi ita kaɗai ta isa ta yi faɗa. */

Kunya ta kama Munachi, ya ce a goge duka, hankalinsa zai fi kwanciya.

Lahadi ya isa Romi cikin sabuwar riga, ya durƙusa ya miƙa filasha, 'yar ma'ajiyar da ya zuba aikin a ciki, da hannu biyu. Kod fes, ba ko ɗigon gulma. Mama Edith ta gyara tabarau, ta juya filashar, ta ajiye kan tebur ba tare da ta ce uffan ba. Debby ta kawo masa tuwo da miyar karkashi, ta yi masa ido alamar ya kwantar da hankali, amma ko taɓa tuwon bai yi ba. Don ya samu abin yi da hannunsa, ya zaro waya ta ƙasan tebur ya rubuta wa Tsohon Hannu: "Oga, na miƙa. Ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka. Janar dai har yanzu ba ta yi magana ba."

Wata waya ta yi ƙara a kujerar da ke fuskantarsa. Mama Edith ta ɗauka, ta karanta, ta danna da yatsa ɗaya a natse, sannan tasa ta girgiza a hannunsa: "Janar ta ce ka ci tuwonka kafin ya huce, kuma ka turo iyayenka Asabar."