Bahagon Ajin Fiyano

"Baba Isidro, hannun daman nan naka ajiya aka ba ka?" in ji Malama Nenita. Ajin koyon fiyano ya kwashe da dariya.

Tun da tsohon direban ya shiga ajin nan na lardin Bulacan, da hagu kaɗai yake kiɗa, na daman yana kwance a cinya. Yara duk sun wuce shi, har Bahago suke kiransa. Ya ci gaba da dannawa.

"Rabin waƙa fa kake koya, Baba. Wa zai kaɗa sauran?"

Bai ɗago ba.

"'Yata, Malama. Ita ke kaɗa fiyano a cocinmu, kafin abin wasan wutar sabuwar shekara ya fashe mata a hannun hagu. Hannunta na dama yana gida, yana jirana."