Kabad ɗin Hedimasta

Auta ta kai ajin ƙarshe na firamare, amma in ka ce ta karanta maka layi ɗaya sai dai ta bi ka da ido. Kurma ce, tun wani zazzaɓi da ya kwantar da ita tana goye. A aji can baya ake ajiye ta, kusa da tsintsiya da bokiti. Malami ya juya ƙeya yana bayani, ita kuwa ta kwafe duk abin da ke allo tsaf, ba tare da ta san me yake nufi ba.

Innarta tela ce, uban ya daɗe da rasuwa. Yayan Inna, mai injin niƙa, shi ke ɗauke da karatun, kuma ya gaji. Ya faɗa wa ƙanwarsa ba ɓoye-ɓoye cewa bana ce ta ƙarshe. In yarinya ta ci jarrabawar shiga sakandare, to madalla. In ta faɗi, ta zo inji ta kama aiki, ai ma ita ta dace da wurin tunda ƙara ba ta damunta. Ya yi dariya, Inna ba ta yi ba.

Ana haka sai ga wasu matasa sun zo makarantar, shugabarsu wata budurwa mai gilashi wadda ƙaninta ma kurma ne. Sun haɗa wata manhaja a kwamfutocin hannu: ka taɓa darasi, mutum ya fito yana bayaninsa da maganar hannu, dalla-dalla. Suka ba makarantar kyauta domin kurame, aka tafa, aka ɗauki hoto, suka wuce wani gari.

Ba a jima ba Inna ta ga abin mamaki. Auta ta dawo gida a guje, ta fizge tef ɗin awo daga wuyanta, ta ninka shi biyu, ta sake ninkawa, ta ɗauki allin yanka ta rubuta rabi da kwata a kan tebur. Hannayenta sai zuba suke yi, bayani kan bayani. Ashe yarinyar nan kai gare ta! Inna ta ja wani ƙyalle ta share hawaye, ta ce Yaya sai ya nemi wata mai share masa gari a inji.

To, daɗi bai daɗe ba. Wani yaro ya yar da kwamfuta ɗaya, gefen gilashinta ya ɗan tsage. A ranar Hedimasta ya tattara su kaf, ya zuba a kabad ɗin ofishinsa, ya datse da kwaɗo. Ba a fito da su sai an yi baƙi. Ranar ma yara masu tsaftar riga ake zaɓa su riƙe, a yi hoto, a mayar. In matasan sun bugo waya, ya ce komai lafiya lau, yara na ta amfana.

Kullum a lokacin hutun ƙarfe tara Auta na tsaye a tagar ofis tana kallon kabad. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Inna ta rufe keken ɗinkinta ta je har ofis, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, jarrabawa ta matso. Ko awa ɗaya ce a rana, a ba ta a nan gabanka."

"Baiwar Allah, kayan nan masu tsada ne. In suka lalace ni za a tambaya, ba ke ba. Ajiya ai maganin wata rana ce."

Ta yi magiya har muryarta ta dushe. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Auta ta shiga jarrabawa da ɗan abin da ta tsinta, ta faɗi. Kawu ya cika alkawarinsa.

Wata safiya tana duƙe tana share gari a gindin inji, sai bel ɗin da ke juya injin ya fara kuka, alamar zai zame. Duk mai kunne ya yi tsalle baya, ana ta ihun ta matsa. Wa za ta ji? Bel ya fizgi hannunta na dama. A asibiti likita ya ce babban yatsa kaɗai aka iya cetowa.

A makon ne mai gilashi ta dawo makarantar, ta matsa sai an buɗe mata kabad. Aka buɗe. Baturan duk sun kumbura saboda zaman banza, ko ɗaya ba ta tashi ba. Hedimasta ya gyara hula ya ce ta duba da kyau, ba a sace masa ko guda ba.

Da budurwar ta tambayi ina ɗalibarsu kurma take, aka kwatanta mata asibiti. Ta tsaya a bakin gado ta gaishe ta da hannu. Fuskar Auta ta washe, ta ɗaga hannu za ta amsa, sai ta ga dunƙulen bandeji. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tura shi ƙarƙashin bargo, ta juya fuska bango.

Inna ta dubi budurwar.

"'Yar nan, kun kyauta, Allah ya saka. Amma kun buɗe mata baki, kuka tafi kuka bar makullin a aljihun wani."

Jama'a, kayan taimako ba na ado ba ne. Wanda aka ba amanar masu buƙata ta musamman ya kulle ta, ya ci amana ko da bai ɗauki tsinke ba. Ku kuma masu bayarwa, kada ku tsaya a hoto da waya. Ku tako da ƙafarku ku ga ko abin ya isa hannun mai shi.