Gonaki Ɗari Tara

Ranar Alhamis Sjoerd Wiersma ke aske gemunsa, domin ranar ce saƙon Annelore ke shigowa. Ba su taɓa ganin juna ba, amma haka yake zama gaban kwamfuta fes da shi, kamar mai jiran baƙuwa.

A da, kusan duk mai shanu a yankin Friesland na ƙasar Holand da manhajar Sjoerd yake aiki. Ita ke gaya maka wace saniya ce nononta ya ragu, wace ce ta kusa haihuwa. Sai kamfanin Norvanta ya zo da sababbin injinan tatsa waɗanda ba sa aiki da kowace manhaja sai tasu. Makiyayanmu na Friesland kuwa ba su da kara in an zo batun madara. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, wasu ko sallama babu.

Cikin fushi Sjoerd ya kai ƙara hukumar hana babakere da ke Brussels, yana neman a tilasta wa Norvanta ta bar injinanta su karɓi manhajar wasu. Hukumar ta ce za ta duba, kuma dubawarta ba ta gaggawa ba ce. Ma'aikatansa suka kama gabansu, ya mayar da ofis ɗakin baya na gidansa a Leeuwarden, sannan matarsa Tjitske ta rasu. Ya yanke shawarar rufewa kowa ya huta.

A watan ne Annelore Depoorter ta rubuto. Ta ce ita ce sakatariyar wata ƙungiyar makiyaya a Beljiyam, gonaki ɗari tara, dukkansu da tsofaffin injina suke aiki, kuma manhajarsa suke so. Daga nan, duk watan Maris sai ya buga manhajar a faifai ɗari tara, ya shirya su a kwalaye da hannunsa, ya kai gidan waya a kan keke.

Shekara bakwai ba gonar da ta taɓa kawo kuka. Sjoerd kan faɗi wannan da alfahari, sai dai ba shi da wanda zai faɗa wa sai ita.

Tun suna maganar aiki har ya fara ba ta labarin ciwon gwiwarsa da yadda gidan ya yi masa girma. Wata ran ta zo da barkwanci, wata ran layi biyu kawai. Sau biyu tana cewa ya gaishe mata da uwargida, bayan ya gaya mata ta rasu. Abin ya sosa masa rai, amma ya yi mata uzuri, shi ma ai mantuwa ta fara kama shi. Waya kuwa ta ce kunnenta ba ya ji sosai. Duk lokacin da ya ambaci ritaya, sai ta roƙe shi ya ƙara shekara ɗaya, don ba su da kowa sai shi.

Haka ya yi ta ƙarawa. In da gaskiya za a bi, ba don manhajar ba ne. Ita kaɗai ce ta rage mai tambayar yadda ya kwana.

A shekara ta takwas aka kira shi Brussels ya ba da shaida. Ya faɗi yadda aka kashe masa kasuwa. Sai lauyan Norvanta ya miƙe cikin ladabi.

"Yallaɓai, kamfaninka ya mutu ke nan?"

"Wa ya gaya maka? Yana nan da ransa."

"Gonaki nawa ke aiki da manhajarka a yau?"

"Ɗari tara," in ji Sjoerd, har da ɗaga kai. "Kuma ko ɗaya ba ta taɓa guduna ba."

Lauyan ya yi godiya ya zauna. Bayan wata huɗu hukunci ya fito. Hukumar ta ce tun da ƙaramin kamfani na mutum ɗaya ya riƙe gonaki ɗari tara shekara da shekaru, ba za a ce an toshe kasuwa ba. Aka rufe ƙarar.

Sjoerd ya rubuta wa Annelore yana ba ta haƙuri, ya ce bakinsa ne ya jawo, amma ba zai yar da su ba. Ba amsa. Mako ya zagayo, shiru. A mako na uku tsoro ya kama shi, ko ba ta da lafiya, ko ma abin ya fi haka kuma ba wanda ya san ya kamata a gaya masa. Ya sayi burodin sukari irin namu na Friesland, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ghent da ke Beljiyam, ya nemi adireshin da yake aika kwalayen.

Dogon gini ne a bayan gari, babu ko warin kashin shanu. Mai gadi ya dubi lambar ɗakin, ya ɗauko makulli.

"Kai suka turo ka kwashe shirgin? Baba, ai da ka zo da mota."

Ya buɗe ƙofar. Ba tebur, ba kujera. Kwalaye ne jibge har rufi, kowanne da rubutun hannun Sjoerd, ko ɗaya ba a yage bakinsa ba.

Sjoerd ya tambayi inda zai sami Annelore.

"Wace Annelore?" Mai gadin ya yi dariya. "Ai suna ne kawai lauyoyin Norvanta suka raɗa, su ke hayar ɗakin. Karɓa-karɓa suke yi, bi da bi suna lallaɓa wani tsoho a Holand, don kada ya rufe shagonsa kafin a gama shari'a."