Takardar da Ta Zagi Malama Ofelia

A gilashin motarsa Ezequiel Barragan ya tarar da takardar, an maƙale ta da waifa. Ya ɗauka tallar taya ce, har zai yar, sai ya ga fuskar matarsa.

Hoton na ranar da suka cika shekara ashirin da biyar da aure ne, an yanke shi an bar ta ita kaɗai tana dariya. A ƙasa an rubuta da jan tawada: MALAMA OFELIA TA CE 'YA'YAN LEBURORIN GONA JAKUNA NE. Babu sa hannu. Da ya ɗaga kai, duk motocin da ke layin garejinsa kowace da tata.

Saura kwana tara a yi zaɓen kujera ɗaya a hukumar makarantun garin. Shekara uku ke nan da hukumar ta soke ajin lissafi mai zurfi a sakandare. Warren Tashjian, mai gonar inabin da ke kan kujerar, cewa yake ajin raba yara yake yi gida biyu, 'ya'yan masu gona a ciki, 'ya'yan masu tsinka a waje. Ofelia, wadda ta koyar da ajin shekara talatin kafin ta yi ritaya, ita ke takarar kujerar da shi, ta ce a dawo da ajin a buɗe wa kowa, don muddin babu shi ba ɗan garin da zai ƙara shiga jami'a ya karanta injiniyanci. Mutane sun gaji da gardamar. Yawanci ba su ma yi niyyar fita zaɓe ba, kuma 'yan kaɗan masu fitar na Tashjian ne.

Takardar ce ta tashe su.

Ran Laraba aka farke wa Ofelia tayoyi huɗu a bakin kantin kayan miya. Ran Juma'a da hantsi dutse ya faso tagar kicin ya same ta a goshi. Ezequiel ya ɗauke ta cak zuwa asibiti, rigarsa jina-jina. Ɗinki biyar aka yi mata.

"Sai na ga bayan wanda ya buga takardar nan," in ji shi a hanyarsu ta dawowa.

"Haba tsohona, kwantar da hankalinka. Kowa ya san ƙarya ce. Kar ka taɓa kowa."

Kuma kowa ya sani ɗin. Tsofaffin ɗalibanta, 'ya'yan leburorin da ta riƙa zama da su bayan tashi har suka ci jarrabawa, suka fara shigowa gari daga birane. Nas-nas, injiniyoyi, wani ma direban jirgi. Suna bin gida-gida suna cewa Tashjian ya wuce gona da iri. Ita kuwa tana zaune a teburin cin abinci da taswirar unguwanni, tana sa alama da fensir.

Ran Asabar da la'asar aka yi muhawara a zauren makarantar. Ofelia ta ƙi sa hula, ta hau dandamali da bandejinta a fili. Tashjian ya ɗaga hannu ya rantse bai san zancen takardar ba, ihu ya danne muryarsa. Ya yi ƙoƙarin maganar yaran da ajin ke bari a baya, ba wanda ya saurara.

Ezequiel na tsaye a bakin ƙofa lokacin da Dale Medeiros, surukin Tashjian kuma jagoran kamfen ɗinsa, ya zo wucewa, fuska a murtuke.

"Kai bakanike, ka koya wa matarka riƙe baki mana, ba sai an koya mata da dutse ba."

Kujerar ƙarfe ce ta fi kusa, ita Ezequiel ya sura. Dukan farko ya karya wa Medeiros muƙamuƙi, na biyu ya same shi yana ƙasa. Zauren ya hautsine. Aka hau jifa da kujeru, wani ya fasa wa wani kwalba a kai, mata na jan yara suna neman hanyar fita, wata tsohuwa ta faɗi aka bi ta kanta.

Ofelia ta kutsa ta riƙo hannunsa. "Ezequiel, ya isa! Mu je gida."

"Maɗaba'a ɗaya ce a garin nan. Mai ita, Harjit, zai gaya min wanda ya ba shi aikin."

"Kar ka je can." Bai taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar, ko lokacin dutsen bai gani ba. "Don Allah, tsohona, kar ka je."

Ya fizge hannunsa.

Harjit Sandhu, tsoho mai farin gemu, yana rufe shago sa'ad da sufana ta tarwatsa gilashin ƙofarsa. Shekara ashirin Ezequiel na gyara masa mota. Ya shaƙe shi, ya ja shi har kan teburin yankan takarda, ya danne masa hannu.

"Suna nake so. Tashjian ne ko Medeiros?"

"Ɗan'uwa, na yi alkawari ba zan faɗa ba."

Sufanar ta sauka a kan yatsunsa. Tsohon ya kurma ihu, rawaninsa ya warware ya zube ƙasa. Daga nesa jiniyar 'yan sanda ta fara matsowa.

"An fasa wa matata goshi saboda aikinka. Faɗi!"

Ya sake ɗaga sufanar. Harjit ya dube shi, hawaye na bin gemunsa.

"Malama Ofelia ce ta kawo min rubutun da hannunta," in ji shi. "Har sau biyu ta dawo ta gyara min kuskure."